Darasin Hanta da Gefen Ajin da Ban Kalla Ba

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a bakin tagar aji biyar ina sauraron ɗaya daga cikinku, ku matasan da aka turo mana koyon koyarwa. Nura ne, ba zan ɓoye sunansa ba. Darasin shi ne illar barasa ga jini da hanta. Na duba agogona lokacin da ya fara, na sake dubawa lokacin da ya kakkaɓe alli daga hannunsa: minti goma sha biyu. Ya cika allo da rubutu, yara suka kwafa, ya ce musu giya haramun ce kuma tana lalata hanta, ya ce akwai mai tambaya, aka yi shiru, ya fito yana latsa waya. Da na tare shi, sai ya yi mini murmushi ya ce, "Ai Malama wannan darasin ba shi da wahala. Nan garin wa ke sha? Sai dai 'yan ƙauyen nan na bayan aji."

Raina ya ɓaci. Na ƙyale shi a lokacin, don na san in na buɗe baki a gaban yara abin ba zai yi kyau ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne maganar tasa tawa ce. Na yi shekaru ina faɗinta da wannan bakin, kuma akwai wani ɗalibina mai suna Habibu da maganar nan ta taɓa rayuwarsa. Shekarata talatin da huɗu ina koyar da ilimin halittu a Kontagora, saura mini watanni in ajiye alli. Kafin in tafi, ku zauna ku ji yadda ake wannan aikin da kuke gani kamar shan ruwa.

Darasin nan ba a kan allo yake farawa ba, a kwata yake farawa. Da an idar da sallar asuba nake tafiya wurin Ɗanlami mahauci, tun kafin masu tsire su kwashe kayan ciki. Da ya hango ni zai ce, "Hajiya Malama, yau ta ci ce ko ta boko?" In na ce ta boko, ya san hanta biyu nake so. Ta farko lafiyayya, ja mai duhu, mai santsi, in ka danna yatsa ta lotsa ta dawo. Ta biyu kuwa irin wadda malamin dabbobi yake hana sayarwa, wadda ta yi fari-fari, gefenta ya yi kauri, in ka sa mata reza sai ka ji tana ƙara kamar kana yanka ɗanyen rogo. Ba kullum ake samun irinta ba. Wani lokaci sai in jira mako biyu, in ɗage darasin, in sha surutun mai duba jadawali, amma ba na shiga aji da hanta ɗaya. Kuma ina gaya wa yara gaskiya cewa sa ba ya shan giya, tsutsa ce ta yi wa tasa haka, sai dai taurin da za su ji a yatsunsu shi ne irin taurin da muke magana a kai.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Tiren ƙarfe, sabuwar reza, kwalabe biyu masu faɗin baki, ƙwai ɗaya, sifirit kaɗan, wato barasar nan ta goge rauni a asibiti, bokitin ruwa da sabulu. Za ka raba farin ƙwai a kwalaben nan, ɗaya ka zuba mata ruwa, ɗaya sifirit, yara su ga yadda na cikin sifirit yake dunƙulewa ya yi fari kamar an dafa shi ba tare da wuta ba. A nan ne aji yake yin tsit. Wanda bai taɓa jin wannan shirun ba bai fara koyarwa ba tukuna, kwafe yake bayarwa.

Duk wannan a hannun Malam Bawa na koya, wani tsoho mutumin ƙasar Rijau da na tarar a makarantar lokacin da na kama aiki. Shekarata ta farko na zana hanta a allo da alli kala uku, ina ji da kaina. Ya shigo ya tsaya, ya karkata kai ya ce, "'Yata, wannan takalmi ne ko ganyen gwaza?" Yara suka fashe da dariya, na ji kamar in nutse. Washegari ya sa na bi shi kwata. Dokarsa ita ce kowane yaro sai ya sa yatsa a hantar nan biyu, mai ƙyanƙyami da marar ƙyanƙyami, sannan ya sa hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya san inda tasa take.

Ga yadda yake bayani, ni ma haka nake yi har yau. Barasa ba ta jiran narkewa kamar tuwo, ratsa bangon ciki da na hanji take yi ta faɗa cikin jini kai tsaye. Jinin da ya fito daga hanji kuwa ta hanta yake bi kafin ya je ko'ina. Hanta tana warware barasar, amma kaɗan-kaɗan, ba a gaggauta ta da goro ko shayi ko wanka da ruwan sanyi. Abin da ba ta kai gare shi ba sai ya yi ta zagaye a jini har ƙwaƙwalwa, shi ne mayen. A wurin warwarewar kuma wata guba take fita da ke ƙona hantar kanta. In abin ya zama na kullum, hanta tana taka matakai uku: kitse, kumburi, tauri. Na farko da na biyu, in an daina da wuri, tana iya farfaɗowa. Na uku ba ya komawa. Da ta taurare jini ba ya samun hanyar wucewa, sai ya nemi wasu ƙananan jijiyoyi a maƙogwaro, su kumbura, wata rana su fashe mutum ya yi aman jini. Ruwa ya taru a ciki, ƙafa ta kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi tsayar da jini. Malam Bawa yakan sa yara su rera matakan nan uku suna ƙirgawa da yatsu har su zauna musu.

Abu ɗaya ne na gani a wurinsa na raina. In zai yi darasin nan ba ya tsayawa a gaban allo. Yakan ja ƙaramin tebur zuwa tsakiyar aji, tsakanin layukan benci, ya ɗora tire, ya yi ta juyawa yana magana, ya kalli wannan ya kalli wancan. Na ɗauka tsufa ne da son wahala. Da ya yi ritaya darasin ya dawo hannuna, na mayar da tire kan teburin malami a gaba, don ya fi sauƙi, kuma ya fi kama da malanta a ganina.

Kun san yadda yara suke zama a ajinmu, ba wanda ya tsara, haka muka tarar. 'Yan cikin gari a gaba. Yaran da suka zo daga ƙauyukan wajen Salka da Ibeto, Kambari da Dukawa, su kan taru a baya ta gefen taga. To in ka tsaya a gaba ka ce "burukutu," ina kake tsammani idonka zai tafi? Nawa tsallake bencin gaba yake yi ya sauka a baya. Yara kuwa idon malami suke bi, duk aji sai ya waiwaya. Shekara bayan shekara haka nake yi, ina ganin wa'azi nake wa masu buƙata.

Habibu a bencin farko yake zama, daidai gaban tirena. Ɗan wani mai sayar da hatsi ne, yaro mai kaifin kai da kaifin baki. Shi ya fara sa yatsa a hanta ba tare da ya yamutsa fuska ba, zanensa ya fi nawa, a jarrabawa na ba shi goma bisa goma a wannan tambayar. A ajinsu akwai wata yarinya, Rahila, da kowa ya san mahaifiyarta tana dafa burukutu a wani ƙauye kusa da Salka. Ranar darasin, da na ɗaga hantar nan mai tauri, sai Habibu ya waiwaya ya ce, "Rahila, ga ta gidanku an kawo." Aji ya ɗauki dariya. Ni da ya kamata in tsawata masa, murmushi na yi na ci gaba.

Bayan kwana huɗu wata mata ta zo ta tsaya a ƙofar ofishin malamai, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Hausarta irin ta wanda ya koya a kasuwa ce, amma ba kalma ɗaya da ta ɓace mini.

"Malama, ni ce uwar Rahila. Ni ce mai burukutun."

Na ce, "To, sannu da zuwa. Ai ba da sunan kowa na yi ba."

"Ba ki kira suna ba, ido kika kira. Ni ban zo in ce abina magani ne ba. Shi ya kwantar da uban yarinyar nan, na sani. Amma wanda ya zauna a gindin itacen da nake sayarwa ya san abin da yake sha, kowa ma ya gan shi. Naku fa? Ki je tasha ki duba teburin mai magani, ki ga su wa ke layi da safe."

Na ji zafin maganar, na ce mata, "Baiwar Allah, 'ya'yanmu ba sa sha."

Ta dube ni ta ce, "To." Ta juya ta tafi. Rahila ta ƙarasa makaranta, amma ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba. Ni kuma ban je tasha ba. Tashar da nake wucewa ta gabanta sau biyu a rana, na yi shekara goma sha ɗaya ban leƙa teburin nan ba, saboda girman kai kawai.

Shara ce ta kai ni. Wata ranar tsaftace makaranta na bi bayan ban-ɗakin maza, sai na ga an taro wasu ƙananan ledoji da yawa, kowace an yage bakinta da haƙori. A jiki hoton saiwoyi da na wani ƙato mai damtse. Na ɗauki ɗaya na juya bayanta, na sa tabarau, can ƙasa da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata aka rubuta yawan barasar da ke ciki. Ya ninka na burukutu sau da yawa. Da aka tashi na wuce tasha. Ga teburin nan, ga mai shi da hularsa da carbinsa, ledoji a rataye jeri-jeri, ga robobi cike da jiƙo.

"Hajiya, na me za a ba ki? Akwai na basir, akwai na sanyi, na ciwon baya, na wankin ciki."

Na ce, "Akwai barasa a ciki?"

"Subhanallahi! Saiwoyi ne zalla, Hajiya. Manyan mutane ke sha."

Ban yi gardama da shi ba, don ina jin shi kansa bai taɓa juya ledar ba. Na sayi kala uku na tafi gida. Na zuba ɗaya a cokali, na ɗan ɗumama a kan murhu, na ƙyasta ashana na kanga. Wuta shuɗiya ta kama ta tsaya a kan cokalin tana rawa. Na gwada na biyu da na uku, duk haka. Daga ranar cokali da ashana suka shiga cikin kayan aikina.

Shekarar da na kai cokalin nan aji ita ce muguwar shekarata. Na rufe tagogi don wutar ta fito sosai, na kunna, yara suka ga abin da na gani. Wani a bencin gaba ya ce, "Malama, ai Babana yana shan wannan kullum kafin ya tafi kasuwa." Wani ya ce nasa ma. Kwana uku tsakani aka kira ni ofishin shugaban makaranta, na tarar da iyaye maza sun cika kujeru. Wai na kawo giya makaranta, wai na sa 'ya'yansu suna kallonsu a matsayin mashaya, wai na ɓata sunan magani. Ɗaya har yana nuna ni da yatsa yana cewa shi bai taɓa rasa sallar asuba a jam'i ba.

Na ce, "Alhaji, hanta ba ta san sahun da kake tsayawa ba. Shekara nawa ina kawo sifirit ajin nan ina nuna 'ya'yan masu burukutu, wa ya taɓa zuwa a cikinku? Ga cokali ga ashana a jakata, ku kawo taku ledar mu gwada yanzu."

Ba wanda ya ce a gwada. Shugaban ma ko kallon jakar bai yi ba, haƙuri yake ta ba su kamar na yi sata. Kafin ƙarshen zango takarda ta fito, an mayar da ni wata ƙaramar makaranta a hanyar Dukku, inda babu ɗakin gwaji, babu mahauci sai ranar kasuwa. Litinin in tafi, Juma'a in dawo. Har yau in na tuna ofishin nan raina yana tafasa, manyan mutane da gemunsu suna tsoron cokali.

Wata Litinin a tasha ina neman mota sai na ji an ce, "Malama!" Wani direba ya taso ya durƙusa har ƙasa. Sai da ya faɗi sunansa na gane Habibu ne. Bayan rasuwar mahaifinsa kasuwar hatsin ta watse, ya shiga harkar mota. Ya karɓi jakata, ya kori wani daga gidan gaba ya zaunar da ni. Da na zauna kusa da shi, sai aikina ya fara da kansa ba tare da na so ba. Hannayensa sirara, ciki kuwa ya tokare sitiyari. Ƙafafunsa sun cika silifas har igiyar ta nutse. Da ya juyo yana mini dariya na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ga jini-jini a dasashinsa. Ko fita gari ba mu gama yi ba ya zaro leda daga aljihu, ya yage da haƙori, ya yi bisimilla, ya tsotse.

Na ce, "Habibu, mene ne wannan?"

"Na basir ne, Malama. Zaman mota ke kawo shi. In ban sha ba hannuna har rawa yake."

"Tun yaushe?"

"Tun ina kwandasta. Zai kai shekara goma."

"Guda nawa a rana?"

Ya yi dariya ya ce ba ya ƙirgawa. Na ce ya duba madubi ya ga idonsa. Ya ce ai ya sani, ciwon shawara ne ya kama shi, Innarsa tana ba shi jiƙo safe da yamma. Na ce ya sauke mu ya wuce asibiti yau ɗin nan.

"Haba Malama! Mai shawara da asibiti? Ai allura ɗaya za a yi sai dai a yi wa mutum salla."

Fasinjojin baya suka ce ƙwarai kuwa, kowa ya san wannan. Na juya na dube su, na dube shi. Yaron da na ba goma bisa goma, yana ɗauke da duk alamomin da ya taɓa rubuta mini a takarda ba kuskure ko ɗaya, bai ga ko guda a jikinsa ba. Na yi masa faɗa tun daga nan har inda na sauka, yana ta cewa, "To Malama, in sha Allahu," irin amsar da ake ba tsofaffi don su yi shiru.

Ranar Asabar da hantsi na je gidansu da jakata. Amfanin zama mace a wannan aikin ke nan, sallama ɗaya ka shiga har tsakar gida. Na tarar da mahaifiyarsa a kan tabarma, matarsa tana wanke-wanke, shi kuma yana kwance a ɗaki, jikin ya hana shi fita aiki. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, a nuna mini jiƙon da ake ba shi." Ta sa aka ɗauko wata roba, ta ce daga wurin mai maganin tasha ake karɓo masa, na shawara ne na musamman. Ina buɗe murfin warin ya gaya mini komai.

Na ce mu shiga inuwar rumfa, don a rana ba a ganin wutar. Na zuba jiƙon a cokali, na ɗumama a kan garwashin matarsa, na ƙyasta ashana. Ta kama. Na zuba na ledar aljihunsa, shi ma ya kama. Na ce, "Inna, ruwan saiwa ba ya cin wuta. Wannan barasa ce aka jiƙa itace a ciki. Ita ta cinye masa hanta, kuma ita ake ƙara masa da sunan magani."

Tsohuwar nan ta ƙura wa cokalin ido. Can ta ce, "Innalillahi. Da hannuna nake ba shi, Malama. Ni nake tashinsa in ce ya daure ya shanye." Amma da na ce a tashi a tafi asibiti sai ta girgiza kai. "Ban da allura. Ƙanena shawara ce ta kama shi, aka kai shi, aka yi masa allura, kafin la'asar ya cika."

Na ce, "Kwana nawa ya yi a gida kafin a kai shi?"

"Ya kai wata biyu."

"To wata biyun nan ne suka kashe shi, Inna, ba allura ba. Haka muke yi, mu riƙe mutum a ɗaki har sai ya fara shure-shure, sannan mu kai wa likita, in ya mutu mu ce allura ce. Ki ba ni shi. In aka yi masa allura ya mutu, ki tara mutane ki ce ni na kashe miki ɗa."

Muna cikin haka sai ga Habibu ya fito yana dafa bango. Ashe duk yana ji. Ya ɗaga rigarsa, ya sa yatsu huɗu a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya ja numfashi ya danna, daidai yadda na koya musu a aji. Ya daɗe hannunsa yana wurin. Sannan ya ce wa matarsa ta ɗauko masa hula.

A asibiti aka ɗauki jininsa, aka yi masa hoton ciki, aka zuƙe masa ruwa, aka yi masa allurai ba ɗaya ba, bai mutu ba. Likitan ya kira ni gefe da yake ni na kawo shi, ya yi mini bayanin da na riga na sani. Da na koma bakin gadon, Habibu ya ɗaga yatsu uku yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

"Kitse, kumburi, tauri. Malama, ina na nawa?"

Ban taɓa yi wa ɗalibi ƙarya a kan makinsa ba. Na ce, "Na uku."

"Wanda ba ya komawa."

"Shi ne. Amma in ka daina yau, abin da ya rage zai riƙe ka gwargwadon yadda Allah ya so."

Ya gyaɗa kai. Sai ya ce, ba da fushi ba, kamar mai ba da labarin hanya, "Wallahi Malama ban manta ko kalma ɗaya ba. Amma ranar da kika yi mana darasin nan, su Rahila kike kallo. Ni na ɗauka ba da ni kike ba."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya daina, ya sha wahalar dainawa a hannun likitoci, ya bar tuƙi. Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni yana zama a ƙofar gida yana hana duk direban da ya zo gaishe shi taɓa ledar nan. Wata rana da kaka jijiyar ta fashe, ya yi aman jini, kafin a kai shi ya rasu. Ya bar 'ya'ya uku. Bayan an yi bakwai na hau mota zuwa Salka ranar kasuwa, na yi ta tambaya har aka nuna mini uwar Rahila, ta tsufa, tana sayar da daddawa. Na gaya mata na je tasha, amma na makara. Ta ce Allah ya ji ƙan yaron, ta ci gaba da sallamar masu saye.

Da aka canza shugaba aka dawo da ni makarantar nan bayan shekara biyu. Tun daga lokacin tirena bai ƙara hawa teburin malami ba. A tsakiyar aji nake ajiye shi, inda Malam Bawa yake ajiye nasa, in yi ta juyawa kamar yadda yake yi. Burukutu ina faɗinta, ba na rage mata komai, tana kashewa. Amma kusa da ita nake ajiye leda da robar jiƙo, kowane yaro ya juya bayan ledar ya karanta ƙananan rubutun da bakinsa. Iyaye sun sake zuwa sau biyu. Yanzu ba na jira a kira ni ofis, a bakin ƙofa nake tarar su da cokali a hannu.

To, Nura, kai da ka ce darasin ba shi da wahala. Na ga inda idonka ya tafi ranar Talata lokacin da ka ce giya, na kuma ga aji ya waiwaya. Yarinyar da ke bencin farko, mai farin tabarau, wadda ta riga kowa gama kwafe ta kawo maka ka sa hannu, sunanta Zainab. Ita ce babbar 'yar Habibu. Ita ma ta waiwaya tare da su.

Na riga na yi magana da Ɗanlami, ya samu mai taurin. Gobe da an idar da sallar asuba ka same ni a ƙofar kwata, ka zo da sabuwar reza. Kai za ka sake darasin, ni zan ja maka tebur zuwa tsakiya.